Yaya Ba-Ribas da Jelarsa

Yayana direba ne, kuma in gaskiya za a faɗa, gwani ne. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ba na yabonsa a banza, don in tsiya aka zo yi masa ma ba wanda ya kai ni iyawa. Tun ina budurwa yake tuƙi, yanzu ga ni da jikoki, bai taɓa take ko kazar mutane ba. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba: bai iya komawa da baya ba in tirela na ɗaure a motarsa. Shi ya sa duk wanda ya san shi Ba-Ribas yake ce masa, har ta kai in ka faɗi sunansa na gaskiya sai an tsaya ana tunanin wa kake nufi.

Motarsa a-kori-kura ce fara, matsakaiciya, mai kujera gaba da baya. Ba irin manyan nan masu gurnani ba ce, ba kuma 'yan ƙananan da kaya kaɗan ke durƙusar da su ba. A bayanta yake jan wata 'yar tirela mai taya biyu, da kaɗan ta fi gadon kwana tsawo, mu a gida Jela muke ce mata. Da su biyun nan ya ci da iyalinsa, ya sa yara a makaranta, ya aurar da na aurarwa. Aikinsa kwasar kayan mutane ne: mai tashi daga gidan haya, mai sabon firiji, mai tsofaffin kujerun da matarsa ta gaji da gani, mai tukwanen furanni, mai ragowar katakon gini. Abin da ya cika bodin mota, saura ya hau Jela.

In kana son ka ga Yaya yana jin kansa, ka tsaya kusa lokacin da yake loda kaya. Wa'azi za ka sha ko ba ka tambaya ba.

“Nauyi gaba,” haka yake cewa. “Gaban taya, wajen wuya. In ka tara mata nauyi a baya, kana hawa babban titi za ta fara rawa, ta ja bayan motar tana wasa da kai. Ni ban yarda da rawa a titi ba.”

Sai ya zaunar da ƙugiyar wuyanta a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota, ya danna marufin, ya zura fil, ya girgiza da ƙarfi ya ji ko ta zauna. Ya gitta sarƙoƙi biyu ta ƙasan wuyan, wai ko ƙugiya ta kuɓuce su tare ta. Ya jona wayar fitila. Daga nan duk wanda tsautsayi ya kawo wurin, ko baƙo ne mai wucewa, sai ya tsayar da shi a baya ya riƙa ce masa “ta kama” ko “ba ta kama ba” yana taka birki yana kunna sigina. Ni kaina na sha tsayuwar nan da kayan fita unguwa a jikina. A hanya kuwa tun daga nesa yake fara taka birki, kwana kuma sai ya buɗe mata sosai don kada tayar Jela ta hau dakali. Masu gaggawa su yi ta hon a bayansa, shi ko a jikinsa.

To amma duk wannan gwanintar ta gaba ce. Da zarar giya ta shiga ribas, Yaya da Jela sun zama abokan gaba. Ya ce hagu, ta ce dama. Ya gyara, ta ƙara karkacewa, kafin ka ankara ta lanƙwasa wuya ta zo ta manne a gefen mota. Tun yana da sauran baƙin gashi ya gwada ya gaji, ya yanke wa kansa hukunci cewa shi da wannan abu har abada.

Maimakon ya koya, sai ya haddace gari. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya sha wahala haka don gudun ƙaramar wahala ba. Ya san duk layin da ke ɓullewa da wanda ba ya ɓullewa, ya san gidan man da ake shiga ta nan a fita ta can, ya san duk shataletalen da zai cece shi in ya wuce ƙofar da yake nema. In ka kira shi aiki, kafin ya tambayi irin kayan sai ya ce, “Layinku yana ɓullewa?” Akwai ranar da ya ɗauko mini katifa, ya zarce ƙofata da kamar taku biyar. Ina tsaye ina ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini shi ma, ya wuce abinsa. Sai da na shiga na ɗora ruwa ya tafasa sannan ya sake ɓullowa ta bakin layi, fuskarsa kamar ba abin da ya faru.

In kuma ta ƙure, ba mafita ta gaba, yana da dabararsa. Ya sauko, ya zare fil, ya kwance sarƙa, ya ciccibi wuyan Jela da hannu biyu ya juya ta kamar baro, ya koma ya juya motar, don in ba Jela ribas ɗinsa lafiya lau ne, sannan ya jawo ta ya sake ɗaurawa. Ku tuna kuma shi ne mai cewa nauyi gaba. Wato duk nauyin da ya tara a wajen wuya, shi yake ɗagawa da bayansa. In ka yi magana ya ce, “Haka ya fi aminci. Hannuna ba ya yi mini ƙarya.”

Babban mai tsokanarsa amininsa ne, Mai Walda, wanda da hannunsa ya ƙera Jela, shagonsa kuma yana bakin layin da nake haya a lokacin. Kullum akwai benci a ƙofar shagon, da tsofaffi biyu uku da ba su da aiki sai kallon hanya. Da sun hango farar mota sai Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, “Ba-Ribas, in cire maka giyar nan ne mu sayar? Sabuwa ce fil.” Yaya ya ce, “Ka bar ta, gadon jikokina ce.” A yi dariya ya wuce. Bai taɓa nuna abin na damunsa ba, amma ni da na san shi na san inda yake masa ciwo.

Matarsa kuwa ɗinki take yi a gida, shi ya sa kowa Tela yake ce mata, har shi. 'Yar gajeruwa ce, marar hayaniya, kullum da allura soke a wuyan rigarta. Ta iya mota, don lokacin da yara ke ƙanana akwai wata 'yar ƙaramar tsohuwar mota da take kai su makaranta da ita, kafin a sayar. Amma motar Yaya ko kujerar gaba ba ta taɓa zama ba. Ba ita kaɗai ba, duk cikinmu ba wanda ya taɓa. Kujerar gaba ta igiyoyi ce, da tamfol, da safar hannu, da filas ɗin shayi, kowanne da wurin zamansa. In Yaya zai kai mu wani wuri, a baya muke zama, muna kallon ƙeyarsa. Da yara suka watse, gida ya yi mata faɗi, idonta kuma ya fara gajiya da zare, ta taɓa ce masa ya riƙa tafiya da ita ko kaya ta riƙa lura masa da su. Ya ce, “Ina za ki zauna?” Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ce ma ta gaya wa, tana dariya, dariyar da ban ji daɗinta ba.

Ana nan, wata safiya ya je kai injin wanki wani layi da ya toshe. Ya sunkuya ya ciccibi wuyan Jela kamar yadda ya saba, sai bayan ya ce yau kam ya isa. A durƙushe mutanen gidan suka same shi, ya kasa miƙewa, ya kasa zama. Ya yi makonni a kwance a tabarma a tsakar falo, yana kallon silin, yana ba da umarnin da ba wanda ke bi. Likita ya ce tuƙi ba laifi, amma ɗaga nauyi ko tura shi ya ƙare. In ya sake, mai yiwuwa ƙafafun ne za su biya.

Babbar 'yarsa ce ta ɗauke makullin. Tun tana yarinya muke kiranta Alƙaliya, don ko faɗan kaji ta gani sai ta yanke hukunci, yanzu kuma a asibiti take aiki, abin ya ƙara mata baki. Da ya fara takawa ya ce a ba shi makullinsa, ta zauna a gabansa, ni da Tela muna gefe.

“Baba, zan ba ka,” ta ce. “Amma ranar da hannunka ya sake taɓa ƙugiyar nan da kaya a kanta, na karɓe, kuma mota da Jela sayarwa za a yi. Ba wasa nake ba.”

“Ke kika haife ni ko ni na haife ki?”

“Kai ka haife ni, shi ya sa ba zan tura ka a keken guragu ba in da yadda zan yi. Gwaggo, ke shaida ce.”

Na ce ni shaida ce, har da gyara zama. Ya harare ni, ya ce ya yarda. Na ga yadda ya damƙe makullin lokacin da ya karɓa, sai tsokanar da ke bakina ta koma ciki. Mutumin nan ba shi da wani abu a duniya da ya sani sai motar nan. Ba ya zaman benci, ba ya kallon ƙwallo, ko labarai ba ya iya ji har ƙarshe. In aka raba shi da ita, zaman falon nan ne zai zama rayuwarsa, kuma duk mun san ba zai daɗe a haka ba.

Saura abu ɗaya ke nan, ya koyi ribas da furfurarsa. Ya zaɓi wani fili a bayan tsohon sito da aka rufe, inda ya tabbata ba wanda ya san shi zai gifta. Ya ce in zo da bokitai a jera su kamar ƙofar gida. Tela ta biyo mu da 'yar kujerarta da wani siket da take wa kalmasa.

Kai, na ga abin tausayi da abin dariya a haɗe. Zai fara a hankali, Jela ta ɗan karkata, sai ya firgita ya murɗe sitiyari gaba ɗaya, ta kwasa ɗaya gefen, ya sake murɗewa, ta naɗe. Ya sauko ya zagaya ya dube ta, ya koma. Ya leƙo kai ta taga, ya koma madubi, ya sake leƙowa. In na ce masa dama sai ya ce, “Damar wa, taki ko tawa?” Bokitina biyu ya kashe, har da sabon da ban taɓa zuba wa ruwa ba. Na ce, “Yaya, in ka gama da bokitan akwai baho a gida.” Bai ko kalle ni ba, gumi ya jiƙe masa riga.

Tela ba ta ɗago daga ɗinkinta ba ta ce, “Malam, kana juyawa da yawa.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya sake gwadawa, Jela ta sake zuwa gefen mota.

“Da yawa kake juyawa, kuma kana sauri.”

Ya taka birki, ya buɗe ƙofa ya sauko. “To zo ki yi. Tunda a bakinki abin da sauƙi, bisimilla.”

Ya faɗa ne don ta yi shiru, kamar yadda ta saba. Sai kawai ta soke allurarta a wuyan riga, ta ninke siket ta ajiye a kan kujera, ta nufi mota. Ta hau da ƙyar, ta jawo kujerar direba gaba har ta ƙure, ta kama madubin da ba a taɓa masa ta karkato shi. Na ji Yaya ya ja numfashi kamar an taka masa ƙafa.

Gwajin farko ita ma ta naɗe ta. Yaya ya kalle ni, har ya fara murmushi. Ta yi gaba, ta miƙar da Jela, ta ɗan zauna tana kallon sitiyari. Sai ta sauke hannunta ta kama shi ta ƙasa. Ta saki motar tana tafiya kamar ba ta so. In tana son bayan Jela ya yi hagu, ta ɗan kai hannun hagu, kaɗan, ta dawo da shi. In ya fara wuce gona, ta tsaya, ta yi gaba kaɗan, ta sake. Ba zan ce ta shiga tsakanin bokitan a miƙe ba, a karkace ta shiga, amma ta shiga, kuma ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ta leƙo ta ce, “Ba ta son gardama ne, Malam. Kaɗan-kaɗan take so.”

Ni dai dariya ta kama ni har na zauna a kan ɗaya daga cikin bokitan da suka rage. Yaya bai yi dariya ba. Ya hau, ya mayar da kujerarsa baya, ya daɗe yana gyara madubi. Ya gwada kama sitiyarin ta ƙasa yadda ta yi, amma hannun da ya shekara da shekaru yana abu ɗaya ba ya jin magana, da Jela ta motsa sai ya koma halinsa. A hanyar gida muna baya ni da ita. Sai da muka tsaya a ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Abin da ya faru a filin nan ya tsaya a filin nan.” Tela ta ce to. Ni ma na ce to, ko da yake rufe bakina ya fi ribas ɗin wahala.

Daga nan sai ya koma zaɓen aiki. In layi ba ya ɓullewa, ya ce motar ba ta da lafiya. In yana shakka, ya ce yana da wani aikin. Mutanen da suka saba kiransa suka fara kiran wasu. Sai ka same shi da hantsi a ƙofar gida yana goge motar da ba ta je ko'ina ba. Tela tana ciki tana jin sa, ta ci gaba da ɗinkinta, ita ma da nata taurin kan, na shiru. Na so in haɗa kawunansu in gwara, wallahi.

Ana cikin haka lokacin tashina daga gidan haya ya yi. Wannan kam aikin Yaya ne ba tambaya, kuma hankalinsa kwance, don layina ya san shi kamar tafin hannunsa. Siriri ne, da lambatu a gefe ɗaya da katangu a ɗayan, yana gangarawa ya yi kwana sannan ya ɓulle babban titi. Ya shigo ta wajen shagon Mai Walda ya tsaya a ƙofata. Tela ta zo taya ni naɗe kofuna, Alƙaliya ta zo da masu ɗauko kaya, ta tsaya a kansa kada ya taɓa ko matashi. Shi dai baki ne nasa. Firiji gaba, akwatuna tsakiya, katifu baya. Aka ɗaure, aka sallami masu ɗaukar kaya, na tsaya a baya na ce ta kama, ta kama. Muka ce ya fita titi ya jira mu, mu kulle ƙofa mu biyo shi a ƙasa.

Muna shan kwana muka tarar da shi a tsaye. Ashe da safen nan masu gyaran bututun ruwa sun haƙa rami daga katanga zuwa lambatu, sun tara ƙasa, sun kafa jan ƙyalle sun tafi. Ko keke ba zai wuce ba.

Babu wurin juyawa. Hanya ɗaya ce, a koma da baya, a haura gangaren, a sha kwanar, a bi sirin layin nan har bakin shagon Mai Walda. Kafin ka ce me, labari ya kai benci, ga su nan sun gangaro, Mai Walda a gaba da gilashinsa a goshi. Maƙwabta mata suka leƙo ta taga.

Yaya ya sa ribas. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya kama sitiyarin ta ƙasa, ya tafi a hankali, har ya ɗan ci ƙasa. Da aka zo kwana Jela ta karkata, tsohon halin ya motsa, ya murɗe. Tayarta ta tsaya a leɓen lambatu, firijina ya yi wani irin sunkuyo da ya sa na dafe ƙirji. Ya yi gaba ya sake, ta sake naɗewa, wannan karon har ta gogi katanga.

Ya kashe mota ya sauko. Bai kalli kowa ba, ya taka zuwa bayan mota, ya tsaya a kan wuyan Jela. Na ga yana auna abin da ido yadda ya saba: a kwance ta, a tura ta sama da hannu, a dawo a ɗauki mota. Ya sunkuya a hankali, ya kai hannu wajen fil.

“Baba,” in ji Alƙaliya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai buɗe tafin hannunta, idonta ya cika da hawaye.

Mai Walda ya ga abin ya wuce wasa. Ya matso ya ce, “Haba Ba-Ribas, kawo in fitar maka da ita, minti nawa ne.”

“Yau ka fitar,” Yaya ya ce yana sunkuye. “Gobe fa? Shagon za ka rufe ka riƙa bi na?”

Tela na tsaye jikin katanga rungume da kwalin kofunana, ta sunkuyar da kai tana kallon kwalin kamar an rubuta wani abu a kai. Ni kuwa maganar filin nan ta zo mini har maƙogwaro, na danne ta da ƙyar, don na san in daga bakina ta fito, har ya mutu ba zai yarda ba.

Yaya ya daɗe a sunkuye. Sannan ya janye hannunsa, ya dafa ƙugu ya miƙe. Ya je ya zaro makullin daga mota ya nufo mu. Na ce shi ke nan, ya sallama, zuciyata ta karye. Alƙaliya ma haka ta ɗauka, ta miƙo hannu tana kuka. Ya wuce ta. Ya tsaya gaban matarsa, ya karɓi kwalin ya miƙo mini, ya sa mata makullin a hannu.

“Tela, zo ki fitar da mu,” ya ce, da muryar da duk layin ya ji. Ya juya wajen 'yan benci. “Ta fi ni iyawa. Ku kauce mata.”

Ta hau, ta jawo kujera, ta karkato madubi. Ta leƙo ta ce, “Malam, ba na ganin lambatun ta nan.”

“Ni ina gani. Ki kalle ni a madubi kawai.”

Ya koma baya ya tsaya inda za ta gan shi, wurin da ya shekara yana tsayar da mu. Sai ga wani abu da ban taɓa tunani ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana juya Jela da hannu ya san duk inda tayarta za ta taka kafin ta taka. “Yi gaba ki miƙar da ita. Ya isa. Taho. Bayanta hagu, kaɗan. Kaɗan na ce, Tela.” Ta ce, “Kaɗan ɗin na yi.” Ya ce, “To ƙara kaɗan.” Ta tsaya ta yi gaba ta gyara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, motar ta mutu mata a tsakiyar gangare ta sake tayarwa, ba wanda ya yi dariya. Yana tafe da baya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan a sama yana kiranta. Suka sha kwanar, tsakanin taya da lambatu bai fi faɗin tafin hannu ba. Muka bi su a hankali kamar masu rakiya, har bayan Jela ya leƙa titi a bakin shago.

Mai Walda ya buɗe baki, na ga tsokana ta zo masa, sai ya haɗiye ta, ya ce, “Sannu Tela. Sannu da aiki.” Alƙaliya ta share ido ta ce, “Mama, yaushe?” Na ce, “Tambayi bokitaina.”

Tela ta mayar da kujerar direba baya yadda ta same ta, ta gyara masa madubinsa, ta sauko ta miƙa masa makulli. Ta buɗe ƙofar baya za ta shiga inda ta saba.

“Tsaya,” ya ce.

Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba. Ya kwaso igiyoyin ya zuba a bodi. Ya ɗauko tamfol, da safar hannu, da wasu tsofaffin tsummoki da ban san shekarunsu ba. Filas ɗin kaɗai ya bari. Ya kakkaɓe kujerar da hularsa, wadda launinta ma ya bambanta da sauran don rana ba ta taɓa ganinta ba, ya riƙe ƙofar.

“Akwai wani aiki gobe,” ya ce yana kallon gefe. “Layin ba ya ɓullewa. Na ce musu motar ba lafiya, amma ina ga ta warke.”

Ta dube shi, ta dubi kujerar. Ta zare allurar da ke wuyan rigarta ta miƙo mini, ta ce in ajiye mata, sannan ta shiga ta zauna.

Har yau Ba-Ribas ake ce masa, kuma har yau bai iya ba. Da safe za ka gan su sun wuce, shi a sitiyari, ita a gefensa da filas a cinya, suna gardamar wanda ya taɓa madubi. Ya daina tambayar mutane ko layinsu yana ɓullewa. Allurar tana nan a wurina, ba ta zo karɓa ba.